Hellenism: Kalmar Da Ta Fara A Ajin Nahawu Ta Kai Kan Fasfo

A daren 26 ga Yulin 2024, lokacin buɗe gasar Olamfik a birnin Paris, tawagar Girka ce ta fara wucewa a kan kogin Seine, kamar yadda aka saba sa ta gaba tunda a ƙasarta wasannin suka samo asali. Ɗaya daga cikin mutum biyun da suka riƙe tutar shi ne Giannis Antetokounmpo, gwanin ƙwallon kwando wanda uwarsa da ubansa 'yan Najeriya ne. Duk wanda ya taɓa ganinsa yana buga wa ƙasar wasa ya san abin da ke rubuce a ƙirjin rigarsa: ba Greece ba, HELLAS. Wanda ya taɓa neman bizar ƙasar kuma zai ga an rubuta Hellenic Republic a saman takarda. Ɗalibin tarihi ya ci karo da Hellenistic, mai nazarin adabin Ingilishi ya ci karo da Hellenism, a intanet kuma ga wasu matasan Turai da Amurka suna cewa Hellenism addininsu ne.

Duka daga saiwa ɗaya suka tsiro, amma ba abu ɗaya suke nufi ba. Ƙamus zai ce Hellenism shi ne al'adun Girkawa, ko koyi da su, ya tsaya nan. Gaskiya ne, sai dai bai warware komai ba, domin a cikin shekara sama da dubu biyu kalmar ta zama yabo, ta zama zargi, ta zama sunan addini, ta zama sunan wani zamani, ta kuma zama taken siyasa. Kowane sauyi daga tambaya guda ya taso: me ke mai da mutum Bahelene? Jini ne, ko harshe, ko addini, ko karatu?

Mutane ɗaya, sunaye huɗu

Girkawa ba sa kiran kansu Girkawa. Helenawa suke cewa, ƙasarsu kuma Hellas a tsohon harshe, Ellada a bakin mutanen yau. Sunan Girka daga Rumawa ya fito, waɗanda suka ɗauki sunan wata ƙaramar al'umma, Graikoi, suka yafa wa kowa da kowa, daga nan ya shiga harsunan Turai, ya iso mana ta Turanci. Abu ne da muka sani a gida: Bahaushe ya ce Barebari, masu sunan su ce Kanuri.

Mutanen gabas ta wata ƙofar suka san su. Farisawa sun fara haɗuwa ne da Helenawan da ke zaune a yankin Ayoniya, a gaɓar yammacin Turkiyya ta yau, sai suka kira su Yauna. Daga wannan tushe Larabci ya samu Yunan, mu kuma muka samu Yunanawa a littattafan malamai. Na huɗu shi ne Rum, sunan da ke kan sura ta 30 ta Alƙur'ani. Rumawan da ake nufi a can su ne mutanen Daular Rum ta Gabas mai hedikwata a Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, waɗanda Girkanci suke yi amma Rumawa suke kiran kansu. Har yau Baturke yana bambantawa: ɗan ƙasar Girka Yunan ne, Kirista mai jin Girkanci da ke zaune a Istanbul ko Ƙubrus kuwa Rum ne.

Shi kansa sunan Helenawa bai game kowa tun farko ba. A waƙoƙin Homer, babban mawaƙin Girka na dā, wata 'yar ƙabila ce kawai a yankin Tasaliya ke amsa shi, kuma masanin tarihi Thucydides ya lura da hakan tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya ne aka yi masa asali a tatsuniya, aka ce duk kabilun daga wani kaka suka fito mai suna Hellen. Namiji ne, ba shi da alaƙa da Helen, matar da aka ce saboda ita aka yi yaƙin Troy, ko da yake kamannin sunan na ruɗa mutane da yawa.

Asalinta maganar harshe ce

Mai jin Hausa ya fi mai jin Turanci saurin gane yadda aka ƙera kalmar. In muka ce Kananci ko Sakkwatanci, karin harshe muke nufi. In muka ce wane Turanci ya yi masa yawa, ba lallai harshen ba, ɗabi'ar. In muka ce Yahudanci, addini ne. Ɗafin nan na -anci yana ɗaukar harshe da hali da aƙida gaba ɗaya, kuma haka ɗafin -ismos yake yi a Girkanci, wanda ya zama -ism a Turanci. Saboda haka Helenanci ita ce fassarar da ta fi kusa.

A wurin malaman nahawun Girka na dā, hellenismos na nufin yin Girkanci tsantsa ba kuskure, abin da malaman Larabci za su kira fasaha. Kishiyarsa barbarismos, wato gurɓata kalma irin ta baƙo, domin a kunnensu duk wanda ba ya jin harshensu "bar-bar" kawai yake yi. Larabawa ma da irin wannan ma'auni suka kira wanda ba Balarabe ba Ba'ajame. Da kalmar ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17, da wannan ma'ana ta harshe ta shiga: salon magana irin na Girkanci da ya kutsa cikin wani harshe.

Amma tun kafin malaman nahawu an riga an ja layin gardamar. Masanin tarihi Herodotus ya kawo labarin yadda mutanen Atina, a tsakiyar yaƙinsu da Farisa bayan karawar Salamis ta shekarar 480 kafin Miladiyya, suka tabbatar wa Sparta cewa ba za su ci amanar 'yan'uwa ba. Abu huɗu suka lissafa da ya haɗa su: jini ɗaya, harshe ɗaya, wuraren bauta da yanka ɗaya, ɗabi'u iri ɗaya. Shekara ɗari bayan haka, a 380, malamin balaga Isocrates ya ce Atina ta kai matsayin da sunan Bahelene ya fi dacewa da wanda ya sha tarbiyyarta a kan wanda ya haɗa jini da ita kawai. Masana na saɓani a kan nufinsa. Wasu sun ce ƙofa ya buɗe wa baƙi, wasu sun ce ɗaukaka Atina kawai yake yi a kan sauran biranen Girka. Ko wanne ne, waɗannan maganganu biyu har yau su ake jawowa in gardama ta tashi.

A Birnin Ƙudus ta zama zargi

Wurin da aka fara ganin kalmar da ma'anar rungumar al'adun Girkawa ba littafin Bagirke ba ne, littafin Bayahude ne, wato Makabiyawa na Biyu, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika da na Otodoks.

Wajen shekarar 175 kafin Miladiyya, Birnin Ƙudus na ƙarƙashin sarki Antiyokus na Huɗu, daga zuriyar ɗaya daga cikin janar-janar ɗin Iskandar Mai Girma, sarkin Makidoniya da ya ci ƙasashen Gabas da yaƙi. Wani mai suna Yason ya yi wa sarki alkawarin kuɗi aka ba shi muƙamin babban firist, ya kuma nemi izinin gina filin motsa jiki irin na Girkawa a gindin ganuwar birnin. Ba ƙaramin abu ba ne. A irin wannan fili tsirara ake atisaye, kuma nan ne makarantar da ake horar da 'ya'yan manya su zama 'yan birni irin na Girka. Marubucin ya ce samari sun koma sa hular Girkawa, firistoci sun bar hidimar haikali suna rige-rigen zuwa kallon jifan faifai. Wannan yanayi ya kira ƙololuwar Helenanci, ya kafa shi kishiyar Yahudanci. A 167 sarki ya hana ibadar Yahudawa, tawaye ya ɓarke a ƙarƙashin Yahuza Makabi da 'yan'uwansa, a 164 aka sake tsarkake haikalin. Bikin Hanukka tunawa da wannan ne.

Abin lura shi ne, littafin da ya yi wannan suka da Girkanci aka rubuta shi, kuma Girkanci mai kyau. Mutum na iya ƙin al'ada da harshen masu al'adar. Wannan ya sa masana tarihi da yawa a yau ba sa ɗaukar rikicin a matsayin Yahudawa da Girkawa kurum, suna ganinsa har da rigimar cikin gida a kan iyakar abin da za a ara daga baƙo. A Ayyukan Manzanni ma, sura ta 6, an ambaci Yahudawa masu jin Helenanci da suka yi ƙorafin ana tauye matansu gwauraye wajen rabon abinci. Daga sunan da aka kira su Turanci ya samu Hellenist, wadda daga baya ta koma nufin masanin Girkanci.

Daga mai bautar gumaka zuwa mai bin Almasihu

Da Kiristanci ya yi ƙarfi a Daular Rum, sunan ya sake juyawa. Bahelene ya koma nufin mai bautar gumaka, ko da Basiriye ne ko Bamisire. Sarki Julian, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363, ya bar Kiristanci ya yi ƙoƙarin farfaɗo da tsohuwar bauta, ya kuma kira ta Helenanci da alfahari. A 362 ya hana malamai Kiristoci koyar da littattafan Homer da sauran magabata, a kan hujjar cewa bai dace mutum ya koyar da abin da bai yi imani da shi ba. Malamin Kirista Gregory na Naziyanzus, wanda suka yi zaman karatu a Atina lokaci ɗaya, ya mayar masa da martani mai zafi: wa ya ba ka mallakar harshe? Yin Girkanci daban, bautar allolin Girka daban. Julian ya mutu a fagen yaƙi da Farisa, dokarsa ta bi shi, amma ma'anar da ya liƙa wa kalmar ta daɗe. Kusan shekara dubu masu jin Girkanci suna gudun sunan kakanninsu. Bayan faɗuwar Kustantiniyya a 1453 ma, a ƙarƙashin sarakunan Turkawa, talaka Rumi yake kiran kansa, harshensa kuma Rumanci.

Masu ilimi ne suka dawo da tsohon sunan, sannu a hankali, har ya zama tutar yaƙin neman 'yanci da ya fara a 1821. A nan aka yi juyin da ya fi kowane girma. Kundin tsarin mulkin farko da 'yan gwagwarmayar suka rubuta a Epidaurus a 1822 ya ce Helenawa su ne 'yan asalin ƙasar da suka yi imani da Almasihu. Sunan da a dā ake kiran wanda ba Kirista ba da shi, yanzu sai Kirista ne ke da shi.

Waɗanda ke cewa Hellenism addininsu ne a yau, ma'anar Julian suka ɗauko. 'Yan tsiraru ne ƙwarai a ƙasar da mafi yawan jama'arta mabiya cocin Otodoks ne, amma a 2017 hukumomin Girka sun amince da su a matsayin addinin da doka ta sani.

Hellenic da Hellenistic ba ɗaya ba ne

Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa. Hellenic na nufin duk abin da ya shafi Girkawa, na dā da na yanzu, kuma in masu tarihi suka yi amfani da ita suna yawan nufin zamanin biranen Atina da Sparta, zamanin Socrates da Aflatun. Hellenistic kuwa sunan wani zamani ne ayyananne: daga mutuwar Iskandar Mai Girma a Babila a 323 kafin Miladiyya zuwa mutuwar Kiliyopatra a shekara ta 30, lokacin da Rum ta haɗiye Masar.

Wanda ya yanka wa zamanin suna Bajamushe ne, Johann Gustav Droysen, a littafin tarihinsa da ya fito a 1836 da 1843. Da Jamusanci Hellenismus ya kira shi, shi ya sa in an fassara littafin Jamusanci ko na wasu harsunan Turai zuwa Turanci ba a kula ba, sai a ga Hellenism a inda ake nufin wannan zamani kaɗai. Kafin Droysen ana ɗaukar waɗannan shekaru kusan ɗari uku a matsayin lokacin lalacewa, bayan an gama abin kirki. Shi ya ce a'a, lokaci ne da Girka da Gabas suka gauraya, kuma a ganinsa wannan gaurayar ce ta share wa Kiristanci hanya.

Faɗin abin ya isa a tsaya a kansa. Bayan Iskandar janar-janar ɗinsa suka raba daular: gidan Batlamiyus ya ɗauki Masar, gidan Selukus ya ɗauki Siriya har zuwa iyakar Indiya, gidan Antigonus ya riƙe Makidoniya. Wani sassauƙan Girkanci, Koine, ya zama harshen kasuwa da fada da makaranta, kuma da shi aka rubuta Sabon Alkawari daga baya. A Iskandariyya aka kafa babban ɗakin karatu, a can Iƙlidis ya tsara lissafin siffofi, a can aka fassara Attaura zuwa Girkanci. Eratosthenes, mutumin Sairin a Libiya ta yau, ya kwatanta inuwar rana a Iskandariyya da ta Aswan ya ƙiyasta kewayen duniya. A arewacin Afganistan, a wurin da ake kira Ai Khanoum, masu tonon tarihi na Faransa sun tono gari mai dandalin wasan kwaikwayo da filin motsa jiki, har da dutse ɗauke da kalaman hikima da aka kwafo daga Delphi. A Kandahar sarkin Indiya Ashoka ya sa an sassaƙa wa'azinsa da Girkanci da Aramiyanci. Tasirin ya zarce zamanin kansa, har ya gangara kudu da kogin Nilu: haruffan Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, daga na Girka aka ɗauko su, na tsohuwar Nubiya a Sudan daga na Kibɗawa, sarki Ezana na Aksum kuma a ƙarni na 4 Miladiyya ya bar rubutu da Girkanci a kan dutse.

Masana na baya sun rage wa hoton Droysen gishiri. Sun nuna cewa gaurayar ba ta kai yadda ya zata ba, kuma ba hanya ɗaya ta bi ba. A Babila malaman taurari sun ci gaba da rubutu a kan laka da tsohon rubutunsu. A Masar manomi ya ci gaba da harshensa da allolinsa, sarakunan ne ma suka riƙa shigar Fir'auna a bangon haikali. Dutsen Rashid na shekarar 196 kafin Miladiyya, wanda aka gano a 1799, ya zo da rubutu iri uku ne saboda Girkanci kaɗai ba zai isar da saƙon ba. Marubucin Girka Plutarch ya ce a duk gidan Batlamiyus Kiliyopatra ce ta damu ta koyi harshen Misirawa, ita kuwa ita ce ta ƙarshe. Takardun haraji da aka tono a Masar sun nuna wani abu kuma: a can Bahelene matsayi ne mai rangwamen haraji, kuma har wasu Yahudawa da Misirawa sun shiga cikinsa. Mutum guda kan riƙe suna biyu, na Girkanci don ofis, na gida don gida. Wanda ya kira wannan zamani wayewar da aka kai wa Gabas ya faɗi rabi, wanda ya kira shi mulkin mallaka ma ya faɗi rabi.

Yadda Turawan Ingila suka ɗauke ta

A ƙarni na 18 da na 19 masu ilimin Turai suka kamu da son tsohuwar Girka. Mawaƙi Shelley ya rubuta cewa dukkansu Girkawa ne, tunda dokokinsu da adabinsu da fasaharsu can suke da saiwa. Mawaƙi Byron ya tafi taya Girkawa yaƙin 'yanci ya mutu da zazzaɓi a Missolonghi a 1824. Wannan ƙauna ita ake kira philhellenism, kuma ta taimaka wajen jawo Birtaniya da Faransa da Rasha cikin yaƙin, har suka ragargaza jiragen Turkawa da na Masar a Navarino a 1827.

A 1869 Matthew Arnold ya ba kalmar ma'anar da ɗaliban adabi ke haɗuwa da ita. Ya ce ƙarfi biyu ke jan rayuwar Turai: Hebraism, wato tsananta wa kai wajen ɗa'a da biyayya, da Hellenism, wato son ganin abu yadda yake da sakin hankali ya yi bincike. A ganinsa Ingilar zamaninsa ta cika na farko, tana bukatar na biyu. Rabon ya yi tasiri, amma ya sha suka da hujja mai ƙarfi: ya mai da al'ummu biyu masu dogon tarihi tamkar halaye biyu, alhali Girkawa na da tsananin addini nasu, Yahudawa kuma na da zurfin bincike nasu. Girkar Arnold ta farin dutse ce da natsuwa, ba bayi a cikinta, ba yaƙin basasa. Su kansu gumakan da aka ɗauka farare ne, bincike ya nuna fenti ne da su mai launi, shekaru ne suka wanke shi.

Gadon wa ne?

A Girka ta yau kalmar na nufin al'ummar Helenawa dukkanta, ta gida da ta waje, daga Melbourne zuwa Chicago. Afirka ma na da kasonta: Iskandariyya da Khartoum sun yi manyan unguwannin Girkawa, sunan Leventis da aka sani a kasuwancin Ghana da Najeriya kuma na wani ɗan Ƙubrus ne mai jin Girkanci.

Sai dai wannan ma'ana ta zo da rigingimu. A 1830 wani masani, Fallmerayer, ya yi iƙirarin cewa Girkawan zamani ba su gaji jinin na dā ba, zuriyar Silabawa da Albaniyawa ne. Masanin tarihi Paparrigopoulos ya amsa da babban aiki mai nuna al'umma ɗaya ce ta ratsa zamanin dā da na Rum ta Gabas da na yanzu, kuma wannan ne ya zama abin da ake koyarwa a makarantun ƙasar. Hujjar da ta fi ƙarfi a ɓangarensa harshe ne, domin an fi shekara dubu uku ana rubuta Girkanci. Burin haɗa duk Helenawa a ƙasa ɗaya kuwa ya ƙare da bala'in Izmir a 1922, lokacin da Turkawa suka ci sojojin Girka da yaƙi. Yarjejeniyar Lausanne ta 1923 ta tilasta musayar jama'a: Kiristoci sama da miliyan ɗaya suka bar Turkiyya, Musulmi tsakanin 350,000 da 400,000 suka bar Girka. Da addini aka auna, ba da harshe ba. Kiristocin Anatoliya da Turkanci kawai suke ji aka tura su Girka, Musulmin tsibirin Kirit da Girkanci ne harshen uwarsu aka tura su Turkiyya.

Rigimar sunan Makidoniya ma a kan wannan gado aka yi ta. Tun 1991 Girka ta ƙi yarda maƙwabciyarta ta arewa ta amsa sunan, tana ganin hakan jawo Iskandar ne zuwa gidan da ba nasa ba, su kuma suna cewa ba mai zaɓa wa wani sunansa. Yarjejeniyar Prespa ta 2018 ta kawo sunan Makidoniya ta Arewa, ta kuma rubuta ƙarara cewa tsohuwar wayewar Helenawa ba ita ake nufi da sunan a can ba. Bayan haka ne ƙasar ta samu shiga NATO a 2020.

Akwai kuma gardamar asali. Martin Bernal ya fito a 1987 da da'awar cewa masanan Turai na ƙarni na 19 sun ɓoye bashin da Masar da Finikiya ke bin Girka saboda wariyar launin fata. Mary Lefkowitz da wasu suka ce hujjojinsa na harshe da na tonon tarihi ba su tsaya ba. Inda akasari aka tsaya shi ne: ya yi gaskiya a kan son zuciyar wasu magabatan masana, ya wuce gona da iri a kan girman tasirin Masar. Aron haruffa daga Finikiyawa kuwa ba mai musu, Herodotus da kansa ya faɗa.

Antetokounmpo ya tsaya a tsakiyar duk wannan. A Atina aka haife shi a 1994, a unguwar Sepolia ya tashi yana tallar kaya a titi, da Girkanci ya yi karatu, amma har ya kai shekara 18 ba shi da takardar zama ɗan kowace ƙasa, domin dokar Girka jini take bi, ba wurin haihuwa ba. A watan Mayun 2013 aka ba shi, gab da ɗaukarsa a gasar NBA. Shugaban jam'iyyar Golden Dawn mai ƙin baƙi ya ci mutuncinsa a lokacin, jam'iyyar da kotu ta ayyana a matsayin ƙungiyar masu laifi a 2020. A 2015 aka yi dokar da ta buɗe hanya ga 'ya'yan baƙi da suka yi makaranta a ƙasar, wato an ɗan matsa daga ma'aunin jini zuwa na Isocrates. Sunansa ma shaida ne. Adetokunbo ne asalinsa, na Yarbawa. Girkancin yau ba shi da harafi guda na sautin d ko b, sai a haɗa n da t, a haɗa m da p. Da aka rubuta sunan da haruffansu aka sake mai da shi na boko a fasfo, sai ya fito Antetokounmpo.

Inda ta taɓa mai karatun Hausa

Gadon Yunanawa ya riga Turawa isowa ƙasar Hausa, ta hannun Larabci. A Bagadaza, musamman zamanin halifa Ma'amun daga 813 zuwa 833, mafassara irin su Hunain ɗan Ishaƙ suka juya littattafan likitoci Jalinus da Buƙrat da na masanin falsafa Aristo zuwa Larabci. Gardamar da ta biyo baya irin ta Birnin Ƙudus ce da ta Julian da Gregory: me za a ɗauka, me za a bari? Gazali ya soki masu falsafa a kan aƙida amma ya karɓi manɗiƙ. Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi a kan wannan ilimi, Suyuɗi na hani, shi yana cewa gaskiya ana karɓarta ko daga bakin wa ta fito. Malamin da ya rubuta Ahalari da yara ke karantawa a zaure shi ne ya rubuta Sullam a fannin manɗiƙ, fannin da Aristo ya aza harsashinsa. Kalmomin falsafa da dirhami da Linjila duk Girkanci ne asalinsu, masana harshe da yawa kuma suna sa alƙalami a jerin.

Saboda haka Hausa na da hanya uku zuwa ga mutanen nan, kowace da inda ta fi dacewa, kuma mai fassara labari ko darasi shi ya fi bukatar rarrabewa. In an ce Hellenic Republic ko Hellenic Coast Guard, Jamhuriyar Girka ce da jami'an tsaron gaɓar tekunta, ba wata ƙasa daban ba, kuma wannan na da amfani ga iyalan da ke bibiyar labarin 'yan ci-rani a tekun Bahar Rum. In maganar Aflatun da likitancin dā ake yi, Yunanawa ce kalmar da mai karatun zaure zai gane nan take. Helenawa da Helenanci, waɗanda masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa suka saba da su, sun fi dacewa da zamanin bayan Iskandar da kuma maganar rungumar al'ada. Ɗalibin da aka tambaya a kan Hellenistic ya kawo labarin Socrates ya kauce, domin Socrates ya mutu a 399, shekara 76 kafin zamanin ya fara. Wanda kuma ya ga wani a Facebook ya rubuta Hellenism a gurbin addini, ba ƙabilarsa yake faɗa ba, yana iya zama ɗan Brazil da bai taɓa taka Atina ba.